Hannun da Inna Ta Sani

Azare,
24 ga Afrilu, 1995.

Zuwa ga Yaya Mabel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin koma Legas lafiya, kin tarar da shagonki yadda kika bar shi. Ni ma na iso, sai dai motarmu ta lalace bayan Darazo, muka wuni a gindin tsamiya muna kallon direba yana zagin injin. Zafin Azare kuwa ba a magana, ruwan randa ma ɗumi gare shi.

Na gode da atamfa, na kuma gode da farcen roba da kika ɗora mini ranar bikin ƙaninmu Edward a Bogoro. Matan ofishinmu sun kewaye ni suna juya hannuna kamar sun ga sabuwar mota. Tafireta ce kaɗai ba ta yi maraba da su ba. In na nufi harafi ɗaya sai biyu su tashi, shugabanmu har ya tambaya ko idona ne ya fara mutuwa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kin tuna Inna Yelwa, tsohuwar da nake haya a gidanta tun rasuwar mijina Ɗanboyi? Ban ba ki labarinta sosai ba, domin a wurin biki ba a samun zama. Makauniya ce, kunnenta ya yi nauyi, hankalinta kuma yana zuwa yana tafiya. Tun da idon ya rufe ta sa wa ranta cewa wani zai zuba mata sammu a abinci. Ɗanta Malam Babayo yana fataucin hatsi a Bulkachuwa, shi ya sa wata maƙwabciya, Jumai, take dafa mata. Amma ko Jumai ta yi rantsuwa da abin da zai kashe ta, Inna ba ta cin abin hannunta. Da rana gyaɗa mai ɓawo take ci da dafaffen ƙwai, abin da ita za ta ɓare da kanta. Tuwo kuwa sai na dawo daga aiki. In zauna a tabarmarta, ta kama hannuna na dama, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ta taɓa guntayen farcen nan nawa da kuke yi mini dariya a kansu tun muna yara. Sannan ta ce, "To, Hanatu ce," ta buɗe baki. Na taɓa tambayarta me ya sa sai ni, ni da ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba. Ta ce, "Ke baƙuwa ce, ba ki da gado a gidan nan. Me za ki ci da mutuwata?"

Ranar da na dawo na shiga da murnata, na ce, "Inna, na dawo, ga tsarabar zuma." Ta miƙo hannu ta kama nawa. Yaya, ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar mutum ba. Ta yar da hannun, ta ja jiki ta manne da bango tana salati. Na ce, "Inna, ni ce fa, Hanatu." Ta ce, "Murya ana aronta, ko aljani yana aron murya. Wannan hannun shaho ne. Ina kika kai yarinyata?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Jumai ta yi, limamin unguwa ma ya leƙo ya yi. Na gwada cokali, ta ce sai ta ji hannun da ke riƙe da cokalin. Tun ranar tuwo bai shiga cikinta ba, ga zafi, ga tsufa.

Don haka ki taimake ni ki rubuto yadda ake cire su. Na zaga Azare, masu kitso da masu lalle duk ba wadda ta taɓa ganin irinsu. Na jiƙa su a ruwan zafi, na shafa kananzir, ko gezau. Ba raina kyautarki na yi ba, amma hannuna nake so ya dawo.

Ki gaida duk wanda ya tambaye ni.

Ƙanwarki,
Hanatu.

*

Legas,
8 ga Mayu, 1995.

Ƙanwata Hanatu,

Na amsa gaisuwarki, ni ma ina lafiya, sai ciwon bayan nan na sunkuyo da ba ya rabuwa da ni. Ruwa ya sauka a nan, layinmu ya zama kogi.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. "Hannuna nake so ya dawo." To, sannu. Ashe sace shi na yi ban sani ba. Da kin faɗa mini tun a Bogoro, da ban ɓata hoda da ruwan da nake sayowa da tsada ba. Kina tsammani ban ji abin da su Gwaggo suke faɗa a bayan rumfa ba? Wai Mabel ta je Legas ta koyo sana'ar da ba ta da suna, ta dawo tana lalata hannun matan kirki. Na yi kamar ban ji ba, na ce ai Hanatu tana gefena. Sai ga shi ke ma kin bi sahu, kin dai fi su iya lulluɓe magana, kin ɗauko wata tsohuwa kin sa a gaba.

Tsohuwa kuma ai rigima ce da ita kamar yaro. Yunwa ta isa ta koya mata hankali. Kwana nawa mutum zai yi yana fushi da tuwo? Ƙila kafin wannan ta iso hannunki ta riga ta ci ta suɗe kwano. Kuma ina ɗanta? Ke kika haife ta? Haya kike biya, Hanatu, ba reno aka ɗauke ki ba. Tun da Ɗanboyi ya tafi kin naɗe kanki a ɗaki kamar tabarma. Sau ɗaya na ga kin kalli hannunki kin yi murmushi, shi ne kuma za ki ce in koya miki yadda za ki zubar.

Abin da zan koya miki shi ne yadda ake riƙon su. Ki daina jiƙa su a ruwan zafi, kananzir kuma na risho ne. In za ki yi wanki, ki gama da wuri ki tsane hannu sosai, kada ruwa ya kwana a ƙarƙashi. Ki riƙa shafa man kaɗanya a gindin farcen safe da yamma. Kada ki buɗe gwangwani da su ko ki kankare tukunya. Tafireta kuwa da tsokar yatsa ake bugawa, ba da baki ba, 'yan matan banki a nan haka suke yi. Idan naki na ƙasa ya tsiro za ki ga rata a gindi, wannan ba komai ba ne. Abu ɗaya dai, ko kin ga gefe ya ɗaga, kada ki kuskura ki ɓanɓare. Ba a kan farcenki yake zaune ba kawai, ya kama shi ne kam.

Ki ba su wata ɗaya ki gani ko ba ki saba ba. In har lokacin kina nan kan bakanki, sai mu yi magana.

Yayarki,
Mabel.

*

Azare,
13 ga Mayu, 1995.

Yaya Mabel,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Kullum sai na biya gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake taimaka wa biro.

Da na ga amsa ba ta zo ba, na sa reza na datse su, na goge bakin a kan dutse har suka zo daidai da yatsa. Na je wurin Inna da fata. Ta shafa ta ce, "Shaho ya yanke ƙumba, amma shaho ne." Gaskiyarta, kauri da santsin suna nan, ni ma in na taɓa ba na jin nawa ne.

Ta rame, Yaya. Gyaɗar ma ta daina iya ɓarewa, ƙwai sai ta ci rabi ta ajiye. Da yamma ina jin ta daga ɗakina tana tambayar Jumai, "Har yanzu Hanatu ba ta dawo daga bikin ba?" Ni kuwa ina zaune taku kaɗan daga gare ta. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki wuƙar yanka albasa, na zura bakinta ƙarƙashin na manuniyata inda ya ɗan ɗaga, na rufe ido na finciko. Ya fita, amma ya tafi da rabin nawa. Garin gyaran gira na rasa ido. Yatsan ya kumbura ya tara ruwa, sai da na je asibiti aka tsaga aka naɗe. Sauran tara ban ƙara yin ƙarfin halin taɓa su ba.

Malam Babayo ya zo Babbar Sallah, ya ga uwarsa, ya fita zaure ya daɗe bai dawo ba. Washegari ya kawo mota. Mutumin kirki ne, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Malama Hanatu, ba mu ga laifinki ba, kin yi mana abin da ɗan uwa bai yi ba. Amma ba zan bar ta ta mutu a nan ina can ba." Da za a sa ta a mota ta riƙe ƙofar zaure tana cewa, "In yarinyar ta dawo ba ta same ni ba fa? Wa zai gaya mata inda nake?" Na ce, "Zan gaya mata, Inna." Ta ce ba da ni take ba.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Sun kawo mini naman layya cike da kwano, yana nan a rufe. Na ji an ce a Bulkachuwa ma ba ta karɓar abincin matarsa.

Idan na yi miki wani laifi ne, ki ajiye shi gefe tukuna, ki rubuto mini yadda ake cirewa. Daga baya ki yi mini faɗan.

Hanatu.

*

Legas,
26 ga Mayu, 1995.

Hanatu ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya yatsa? Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Yanzu tawa ta farko tana hannunki, kuma da ina da iko da na bi ta na ƙwace. Ki sa ta a murhu. Kin rubuto mini maganar ran mutum, ni kuma na karanta maganar su Gwaggo.

Ba ta gidan waya na aiko wannan ba, domin ba sa karɓar abin da ke kama wuta. Na je inda manyan motocin Arewa suke sauke shanu, na yi ta tambaya har na sami wani direba ɗan Azare, Malam Jalo. Ya ce ya san unguwarku. Zai ba ki kwalba a naɗe cikin tsumma, da auduga, da abin goge farce. Ruwan da ke ciki asiton muke kiransa. Ki karanta abin da ke ƙasa sau biyu kafin ki buɗe.

Ki yi da rana, a tsakar gida inda iska take. Kada risho ko fitila ko garwashi su kasance kusa, ya fi fetur saurin kamawa. Ki fara goge saman kowane farce har ƙyallin ya dushe, amma ki tsaya kafin ki kai ga naki. Ki shafa basilin a fatar da ke kewaye, don ruwan yana busar da fata. Ki zuba a kwanon tangaran ko kofin gilashi, ban da roba, zai cinye ta. Ki tsoma bakin yatsun ki rufe da tsumma, ki zauna gwargwadon dahuwar shinkafa. Za ki ga ya yi laushi kamar ƙaro a ruwa. Sai ki tura shi a hankali da tsinken ashana. Wanda ya ƙi, ki mayar cikin ruwan, kada ki yi gardama da shi. Yatsan da ya ji ciwo kuwa ko ɗigo kada ya taɓa. In kin ga wani farce ya yi kore a ƙasa, ruwa ne ya kwanta, ki bar shi a buɗe ya sha iska, in bai washe ba ki nuna a asibiti. Naki za su fito sirara, masu taushi. Ki yanke su gajeru, ki bi su da man kaɗanya, za su warke.

Kin san me ya sa na nace sai na yi miki su ranar bikin? Tun safe har yamma hannun mata nake riƙewa a shagon nan. Suna miƙo mini shi kamar yadda ake miƙa wa mai wankin takalmi ƙafa, suna hira da junansu ta saman kaina. In na rufe shago na koma ɗakina, ba mai ce mini sannu da Hausa, balle da yarenmu. A Bogoro kuma kowa yana gaishe ni daga nesa kamar baƙuwa. Na duba abin da zai zaunar da ke a gabana ki daɗe ba ki tashi ba, ban sami komai ba sai wannan aikin. Shi kaɗai na iya. Da kika ce kina son hannunki ya dawo, sai na ji kamar wannan zaman ne kike so ki goge.

Ki yi sauri ki je mata. Ki rubuto ko me ya faru, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Yayarki,
Mabel.

*

Azare,
12 ga Yuni, 1995.

Yaya Mabel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya bayan naki? Yatsa ya yi sauƙi, an cire bandeji, sabon farce ya fara leƙowa a karkace. Ruwan farko ya sauka mana, gari ya yi sanyi, kowa ya nufi gona.

Wasiƙarki ta farko ta zo, na karanta, na yi kuka, ban kuwa ƙone ta ba. Ta biyun Malam Jalo ya kawo har ƙofar gida, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ya ga yadda kika shiga cikin kashin shanu da takalminki mai tsini kina neman ɗan Azare.

Na yi yadda kika ce, a gindin darbejiyar tsakar gida. Biyu sun yi taurin kai, na mayar da su, ban yi gardama ba. Da na gama na ga nawa a ƙasa, farare, sirara kamar ɓawon albasa. Ban taɓa tsammanin zan yi kewar munanan farcen nan ba.

Ranar Asabar, uku ga wata, na hau motar Bulkachuwa. Matar Malam Babayo, Larai, ta tarye ni, mace mai haƙuri, idonta duk ya faɗa don wahala. Ta ce ruwa da madarar gwangwani kaɗai Inna take karɓa, ita ma sai an huda a hannunta. Na shiga na same ta kwance, ta zama kamar yarinya a cikin zane. Na sa hannuna cikin nata.

Ta bi yatsun a hankali. Ta koma farko ta sake bi. Sai ta ce, "Hanatu? Ina kika shiga haka? Wane irin biki ne wannan?"

Na ce, "Hanya ce ta yi tsawo, Inna."

Ta jawo ni kusa, ta rage murya. "Bayan tafiyarki wata ta zo da muryarki, da hannun shaho. Kullum sai ta kawo tuwo tana kuka. Ban ci ba. Ko loma ban ci ba. Na ce Hanatu za ta dawo." Yaya, da alfahari ta faɗa, kamar wadda ta riƙe mini amana. Da ta kai kan manuniyar ta tsaya. "Ita ta ji miki wannan ciwon?" Na ce ita ce, amma ta tafi, ba za ta dawo ba. Ta ce, "Allah ya raka taki gona." Sannan ta buɗe baki.

Kunu na fara ba ta, da yamma ta ci tuwo kaɗan. Larai tana bakin ƙofa tana share hawaye. Amma tun ina ba ta nake tunanin Litinin. Ni ina da aiki a Azare, ita kuma jikinta ba zai ƙara ɗaukar hanya ba, Malam Babayo ya faɗa, na kuma ga gaskiyarsa. In na tafi, wa zai ba ta?

Ranar Lahadi na kira Larai ta zauna kusa da ni. Na ɗauki hannunta na haɗa da nawa na sa a tafin Inna. Ta shafa ta ce, "Wannan ai matar Babayo ce. Tana da gado." Na ce, "Ita ce, Inna. Ki ji nan." Na ɗora ɗaya hannun Inna a maƙogwarona, Larai ta ɗebo tuwo ta sa mini a baki, na haɗiye tana ji. Muka yi haka har sau nawa ban ƙirga ba. Na ce, "Kin ji na ci, ga ni kuma da rai. Hannun nan nawa ne, na bar miki shi." Ta bi yatsun Larai ɗaya bayan ɗaya yadda take bin nawa. Can ta ce, "Wannan tana da kanta a babban yatsa." Larai ta ce ta taɓarya ce. Inna ta ce, "To," ta buɗe baki.

Shekaranjiya Malam Babayo ya aiko mini da saƙo cewa tana ci safe da yamma, har ta fara faɗa wai miya ba gishiri. Na gode wa Allah, da gaske nake. Amma ba zan ɓoye miki ba, a motar dawowa na yi kuka har wata mata ta tambaye ni wa ya rasu. Mutum ɗaya ne a duniya da ba ya cin abinci sai na dawo gida, ni da kaina kuma na koya mata ci ba tare da ni ba. Yanzu in na taso daga aiki ba na sauri. Tabarmarta tana nan a jingine inda ta bar ta.

Maganar zaman da muka yi a Bogoro, ban goge shi ba, Yaya. Ni ma ban so ki gama da wuri ba, kunya ce ta hana ni faɗa. In Allah ya kai mu Kirsimeti kada ki wuce gida kai tsaye, ki biyo ta Azare, ɗakin Inna yana nan ba kowa. Ki bar akwatin kayan aikinki a Legas. Ni ban iya kwalliya ba, amma in kin miƙo hannu na iya riƙewa.

Ƙanwarki,
Hanatu.